Abin Da Ya Narkar Da Soket Ɗin Gidanmu

Wannan makon shafin kimiyya a kanmu ya faɗo, kuma mun zaɓi mu yi bayani a kan lissafin wutar lantarki, saboda wani abu da ya faru a gidanmu a hunturun da ya wuce, wanda har yanzu in mun tuna sai gabanmu ya faɗi.

Ranar wata Litinin ce da asuba aka kawo wuta, bayan an yi kwana biyu babu. Kun dai san yadda gida yake rikicewa in an kawo wuta, kowa sai ya ruga da abinsa. Yayarmu ta jona dutsen guga za ta goge mana kayan makaranta, ƙaninmu ya tsoma hita a bokiti saboda sanyi, aka kunna talabijin, Baba kuma ya sa wayarsa a caji. Duka huɗun a soket ɗaya aka jona su, irin mai doguwar wayar nan mai baki huɗu da ake ja daga bango. Ba a yi minti ashirin ba Mama ta ce tana jin ƙaurin roba. Ko da muka duba sai muka ga hayaƙi yana fita daga ƙarƙashin soket ɗin, gefensa ya narke ya manne da ledar ɗaki, ga labule kuma bai fi taku ɗaya daga wurin ba. Allah ya taimaka Yaya ta yi saurin kashe makunnin bango.

Da mai gyaran wuta ya zo da yamma, ya juya soket ɗin ya duba bayansa, sai ya ce wa Baba, "Alhaji, ai kun ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa. Ga shi kuma kusar da ta riƙe wayar ciki ta yi sako-sako." Mu dai ba mu gane ba. Ai baki huɗu gare shi, kuma abu huɗu muka jona, to ina kayan ya yi yawa? Washegari muka kwashi ƙonannen soket ɗin a leda muka kai wa malaminmu na kimiyya da fasaha. Abin da za ku karanta a nan shi ne abin da muka koya daga gare shi a cikin mako biyu, da lissafin da muka zauna muka yi da kanmu.

Abubuwa huɗu ne ake aunawa a wutar lantarki, kuma yawancinmu duk "ƙarfin wuta" muke ce musu, shi ya sa muke ruɗewa. Ku ɗauki tankin ruwan da ake ɗorawa a sama a matsayin misali. In tanki yana can sama sosai, ruwa yana saukowa da turi mai ƙarfi. Wannan turin shi ne boltej, ana auna shi da bolt, ana rubuta shi da harafin V. Yawan ruwan da yake wucewa ta cikin tiyo a kowace daƙiƙa shi ne kwararar wuta, ana auna ta da amfiya, ana rubuta ta da harafin I. Mun tambayi Malam me ya sa I, ya ce daga wata kalmar Faransanci aka ɗauko mai nufin tsanani. Idan tiyon siriri ne, ko dogo ne, ko wani ya taka shi da ƙafa, ruwan zai sha wuya kafin ya wuce. Wannan hana ruwa gudu shi ne turjiya, ana auna ta da om, harafinta R, alamar om kuma ita ce Ω. Na huɗun shi ne yawan aikin da wutar take yi a kowace daƙiƙa, ko zafi ne, ko haske, ko juya fanka. Ana auna shi da wat, harafinsa P.

Duk sunayen nan na mutane ne. Volta ɗan Italiya ne, shi ya haɗa batir na farko a 1800. Ampère Bafaranshe ne, Watt kuma ɗan Sukotland ne da ya yi suna wajen gyara injin tururi. Amma wanda ya fi burge mu shi ne Georg Ohm na Jamus, don shi ma malamin sakandare ne, yana koyar da lissafi da kimiyya a birnin Kolon. An haife shi a 1789, mahaifinsa maƙerin makullai ne. Ya yi ta gwaji da wayoyi masu tsawo da kauri daban daban, a 1827 ya buga littafin da ya bayyana abin da ya gano. Da farko manyan masana na ƙasarsa ba su ɗauke shi da daraja ba, har ya ajiye aikin koyarwarsa. Sai a 1841 ƙungiyar masana kimiyya ta Ingila ta ba shi lambar yabo ta Copley. Ya rasu a 1854.

Abin da ya gano gajere ne:

V = I × R

Wato in ka ninka kwarara da turjiya, za ka sami boltej. In turjiya kake nema, sai ka raba boltej da kwarara, R = V ÷ I. In kwarara ce, I = V ÷ R. Akwai dabarar alwatikar nan da ake zanawa, V a sama, I da R a ƙasa, ka rufe wanda kake nema da yatsa ka ga sauran. Tana da amfani a ɗakin jarrabawa, amma mu mun fi son mu tuna da tanki: ƙara turi, ruwa ya ƙaru, matse tiyo, ruwa ya ragu. Wanda ya riƙe wannan ko ya manta alwatika ba zai juya lissafin ba.

Malam ya zo da mitarsa ta gwajin wuta daga gida, da wani ɗan ƙaramin abu mai zanen launuka da ya ciro daga tsohuwar rediyo, mai turjiyar om 10. Muka haɗa shi da batirin tocila guda ɗaya, bolt 1.5. Lissafi ya ce 1.5 ÷ 10 = 0.15, mita ta nuna 0.14. Muka jera batir biyu, bolt 3, lissafi ya ce 0.3, mita ta nuna 0.29. Da uku, bolt 4.5, muka sami 0.43 maimakon 0.45. Wata daga cikinmu ta ce, "Malam, ko dai mitar ce ta lalace?" Ya yi dariya ya ce batirin ma yana da 'yar turjiyarsa a ciki, wayoyin da muka haɗa ma haka. Abin lura shi ne duk sa'ad da muka ninka turi, kwarara ma ninkuwa take yi.

Lissafin wat ma bai fi haka wuya ba:

P = V × I

Ku ɗauko cajar waya ku duba ƙananan rubutun da ke jikinta. Ta Baba an rubuta 5V da 2A a wajen abin da take fitarwa. To 5 × 2 = wat 10. Wutar da ake kawo mana gida a Najeriya kuwa bolt 230 ce in ta cika. Saboda haka duk kayan da aka rubuta wat ɗinsa, za ka iya sanin amfiya nawa yake ja, ka raba wat ɗin da 230 kawai.

Yanzu mu koma ɗakinmu na ranar Litinin. Mun bi kayan ɗaya bayan ɗaya mun kwafi abin da aka rubuta a jikinsu. Dutsen guga wat 1200, hita wat 1500, talabijin wat 50, caja wat 10. Jimla wat 2760. In aka raba 2760 da 230 za a sami amfiya 12 cif. A bayan soket ɗin kuma, inda bai ƙone ba, an rubuta 10A. Wato iyakar abin da aka yi shi ya ɗauka 230 × 10 = wat 2300. Mun haye da wat 460. Ashe yawan baki ba shi ne magana ba. Da caja huɗu muka jona, wat 40 ne kacal, ko ɗumi ba zai yi ba. Hita da dutsen guga su biyu kaɗai sun isa su wuce iyaka.

To ina fiyus yake da bai yanke wutar ba? Mun buɗe fulogin mun gani, yana nan lafiya lau, an rubuta masa 13A. Shi fiyus wata siririyar waya ce da aka yi ta don ta narke ta katse wuta in kwarara ta wuce adadin da aka rubuta mata. Amfiya 12 ba ta kai 13 ba, don haka ta wuce ta gabansa bai ce uffan ba. Laifin na wanda ya haɗa fiyus na 13 da soket na 10 ne. Fulogi mai ƙafa uku irin namu ana samun fiyus ɗinsa na 3A da 5A da 13A, kuma ana zaɓa ne da wannan lissafin. Talabijin mai wat 50 ko rubu'in amfiya ba ta ja, na 3A ya ishe ta. Masu naɗa waya ko takardar azurfa a gurbin fiyus in ya ƙone kuwa, sun cire mai gadi ne gaba ɗaya, sai dai wayar cikin bango ta ƙone a madadinsa.

Amma akwai abin da ya fi ɗaure mana kai. Me ya sa wuri ɗaya ne ya narke, ba duk tsawon wayar ba? A nan ne Malam ya sa muka haɗa lissafin biyu. Tunda V = I × R, in ka sa wannan a cikin P = V × I, sai ya zama:

P = I × I × R

Wato kwarara sau kanta, sau turjiya. Wannan shi ne zafin da yake tashi a duk inda wuta ta gamu da turjiya. Wani Bature ɗan Ingila, James Joule, shi ya tabbatar da shi da gwaji wajen 1840. Wayar jan ƙarfe mai kauri turjiyarta kaɗan ce ƙwarai. Amma inda kusa ta saki, wayar tana ɗan taɓa ƙarfen ne kawai, kamar ƙofar makaranta in an buɗe ɓari ɗaya lokacin tashi, kowa yana gogar kowa. Malam ya ce mu ƙaddara turjiyar wurin rabin om ce, 0.5. Ƙaramin abu ne, ko? To 12 × 12 = 144, sau 0.5 ya ba da wat 72. Wanda ya taɓa kama ƙwan lantarki mai wat 60 yana ci ya san zafinsa. To ga wanda ya fi shi, a wuri kamar ƙwayar gyaɗa, a kulle cikin roba.

Sai muka sake lissafin da talabijin da caja kawai. Wat 60 ÷ 230 ya ba da kusan amfiya 0.26. In ka ninka 0.26 da kanta, ka ninka da 0.5, za ka sami kusan wat 0.03. Shi ya sa soket ɗin ya yi wata da watanni yana aiki da sakakkiyar kusarsa ba wanda ya sani. Da yake kwarara sau biyu take shiga lissafin, in ta ninka biyu zafi huɗu yake ninkawa, in ta ninka goma zafi ya ninka ɗari.

Wannan dalilin ne ma ya sa manyan wayoyin da suke ɗauko wuta daga madatsun ruwa irin su Kainji da Jebba da Shiroro suke ɗauke da bolt 330,000. Tunda P = V × I, in boltej ya yi sama sosai, kwarara kaɗan ta isa ta kai wat ɗin da ake so. A ce za a tura wat miliyan ɗaya. A bolt 11,000 ana bukatar kusan amfiya 91, a bolt 330,000 kuwa kusan amfiya 3. Kwarara ta ragu sau 30, asarar da ake yi a zafi a kan hanya ta ragu sau 900. In ta iso gari sai taransifoma ta yi ta rage ta mataki mataki har ta kai 230 na gidajenmu.

Akwai hanya ta uku ta neman wat, in boltej da turjiya ka sani: P = V × V ÷ R. In ka juya ta, R = V × V ÷ P. Da ita muka nemo turjiyar hitarmu: 230 × 230 = 52,900, a raba da 1500, kusan om 35. Wannan ya warware mana wani abu da muka daɗe muna gani. In aka kawo wuta maras ƙarfi, ruwa sai ya yi ta zama a bokiti ya ƙi zafi. A ce wutar ta faɗi zuwa rabi, bolt 115. To 115 × 115 = 13,225, a raba da 35, kusan wat 378. Rabin boltej, amma rubu'in zafi. In kuma aka juya abin ya fi muni. A Amurka wutar gida bolt 120 ce. A ce wani ya sayo tukunyar lantarki ta gwanjo da aka yi don can, mai wat 600. Turjiyarta 120 × 120 ÷ 600 = om 24. In ya jona ta a namu, 52,900 ÷ 24 ya haura wat 2200, kusan ninki huɗu na abin da aka yi ta ta ɗauka. Ba za ta daɗe ba za ta ƙone. Don haka a riƙa duba bolt ɗin da ke jikin kayan gwanjo kafin a jona.

Sau ɗaya lissafi ya kunyata mu a gaban aji, kuma gara mu faɗa. Mun ɗauki ƙwai irin na da mai zare a ciki, wat 60, muka lissafa 52,900 ÷ 60, kusan om 882. Muka ce wa Malam ya auna ya gani. Mita ta nuna sittin da 'yan kai! Aji ya fashe da dariya. Malam ya bari aka gama, sannan ya ce duka biyun daidai ne. Mita ta auna zaren yana sanyi, lissafinmu kuma na lokacin da yake ci ne, ya yi fari fat don zafi. Turjiyar ƙarfe tana ƙaruwa in ya yi zafi, ta zaren ƙwai takan ninka fiye da sau goma. Shi ya sa a littafinmu in an rubuta dokar Ohm ake ƙarawa da sharaɗin cewa zafin abin bai canja ba, kuma wanda ya bar wannan sharaɗin a jarrabawa maki zai rasa. Shi ya sa kuma irin wannan ƙwan ya fi mutuwa a daidai lokacin da aka kunna shi: zaren yana sanyi, turjiya kaɗan, sai wuta mai yawa ta afka masa.

Jikin mutum ma yana da turjiya, kuma yawancinta a fata take. Busasshiyar fata tana iya kai om 100,000, jiƙaƙƙiya kuwa tana iya faɗowa zuwa wajen om 1000. Ku yi lissafin: 230 ÷ 1000 = amfiya 0.23. Kashi ɗaya cikin huɗu na wannan ma yana iya rikita bugun zuciya. To ku tuna ƙaninmu da hita a bokiti, yana tsaye ba takalmi a kan jiƙaƙƙen siminti, kuma ya saba tsoma yatsa ya ji ko ruwa ya yi zafi. Tun ranar da muka nuna wa Mama wannan lissafin ta kafa doka, sai an zare fulogi daga bango kafin a taɓa bokiti. Kada kuma wani ya ce to busasshen hannu ba komai, don gumi kaɗan ko 'yar tsaga a fata ta isa ta rushe turjiyar. Duk gwajin da muka yi da hannunmu da batirin tocila muka yi shi. Ƙwan da muka auna ma ba a jone yake ba. Kada wanda ya karanta wannan ya je ya tura wani abu cikin soket da sunan gwaji.

Ga masu mitar kati a gida, yunit ɗaya da kuke gani yana raguwa shi ne wat 1000 na tsawon awa ɗaya. Dutsen gugarmu in ya yi awa ɗaya yana ja ba tsayawa ya ci yunit 1.2. Ƙwai mai wat 60 in yana ci awa 10 kullum, a kwana 30 ya ci yunit 18. Farin ƙwan zamani mai wat 9, wanda haskensa ya yi kusan daidai da wancan, yunit 2.7 zai ci. Baba da ya ga wannan bai ce komai ba, amma ranar Asabar sai ga shi da farare guda huɗu a leda.

'Yan aji uku masu shirin jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, Malam ya ce mu gaya muku inda aka fi faɗuwa. In an ba ku 500mA, ku mayar da ita amfiya tukuna, wato ku raba da 1000 ta zama 0.5. In an ba ku 2kW, wat 2000 ke nan. Wani a ajinmu ya manta da wannan, ya lissafa cewa tocila tana cin wat 900, Malam ya ce to a kawo ta mu dafa shayi. Kuma a rubuta ma'auni a bayan amsa, don "46" kawai ba a san ko om ba ne ko buhun gero.

Ga tambayar wannan makon. An sami wata hita da rubutun wat ɗinta ya goge, amma an auna turjiyarta om 46 ce, kuma mu ɗauka ba ta canjawa in ta yi zafi. Amfiya nawa za ta ja a bolt 230, kuma wat nawa ke nan? Sannan za a iya jona ta tare da dutsen guga mai wat 1200 a soket da aka rubuta wa 10A? A rubuta amsa da yadda aka yi lissafin, da suna da aji, a jefa a akwatin ƙungiya da ke gefen wannan allo kafin tashi ranar Alhamis. Mutum uku na farko da suka ci za su sami biro bibbiyu. Ƙonannen soket ɗin kuma yana kan teburin Malam ga duk mai son gani.